KIMIYYA DA RAYUWA: Mudu Biyu Ba Su Auna Ƙwaƙwalwa Ɗaya

Jama'a, duk wanda ya taɓa fataucin hatsi daga Dawanau ta Kano zuwa kasuwar Agege ya san cewa mudu suna ya tara. Buhu ɗaya ne, amma in aka sake ma'auni sai lissafi ya sake. To, irin wannan matsala ce ta addabi masu binciken ƙwaƙwalwa.

A 1990 wani masani Bajapane, Seiji Ogawa, ya nuna cewa na'urar MRI, watau mai ɗaukar hoton cikin jiki da ƙarfin maganaɗisu, tana iya bin sawun iskar da jini ke kai wa ƙwaƙwalwa. A 1995 kuma Bharat Biswal da abokansa suka gano cewa ko mutum yana kwance bai yi kome ba, wasu sassan ƙwaƙwalwarsa suna aiki tare kamar makaɗa masu bin kiɗa ɗaya. Daga nan masana suka shiga zana taswirar hanyoyin sadarwar ƙwaƙwalwa, da fatan gane cututtuka irin su galahanga da taɓin hankali.

Da yake asibiti ɗaya ba ya samun isassun mutane, sai aka riƙa haɗa hotuna daga wurare da yawa. Amma fa na'urar Siemens dabam, ta Philips dabam, ƙarfin maganaɗisu kuma ba ɗaya ba ne, sa'an nan ga motsin kai da gyangyaɗin wanda ake aunawa. A Japan an zaga da mutum 9 wurare 12 ana auna su, sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna cewa bambancin da na'ura ke kawowa yakan kai wanda cuta ke kawowa, har ma ya zarce. A 2020 aka bayyana yadda ƙungiyoyin masana 70 suka yi nazarin hotuna iri ɗaya, ba a sami biyu da suka bi hanya ɗaya ba, amsoshinsu kuma suka sha bamban a wurare da dama. A 2022 wani babban bincike ya nuna cewa sai an tara dubban mutane kafin a amince da dangantakar waɗannan hanyoyi da halin mutum.

Masana ba su naɗe hannu ba. Suna daidaita alƙaluman na'urori da lissafi, suna kuma tsawaita lokacin awo. Duk da haka yawancin waɗanda aka auna Turawa ne, ba a yi ma'aunin da mu ba.

Kada mai karatu ya ruɗe. Hoton da likita ke nema a asibitin koyarwa na Idi-Araba ko na Ikeja domin duba ƙari ko shanyewar ɓarin jiki abin dogara ne, a yi shi in an umarta. Amma wanda ya ce zai karanta basirar ɗanka ko ya tabbatar da taɓin hankali da hoto kaɗai, to, riƙe kuɗinka, ilmi bai kai nan ba tukuna. Wanda kuma aka ɗauke shi hoto a Ikko, ya tafi gida Kano ko Sakkwato neman magani, ya tafi da faifansa da takardarsa, domin likita ya san da wace na'ura aka auna.

Muna kira ga asibitocinmu na koyarwa, daga Ikko zuwa Zariya, su haɗa kai su daidaita ma'auninsu tun yanzu. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu lafiya, amin.