Hausawan Glass, Mu Daina Yi wa Mamaya Tafi

Jama'ar unguwar Glass, 'yan tireda da teloli da masu shayi da direbobin tasi, mutanen Maraɗi da Damagaram da Kano da Katsina da Garwa da neman halali ya tara mu a bakin tekun Libreville, ku ba ni aron hankalinku.

Kwanan baya, bayan sallar isha'i, ina zaune a teburin mai shayinmu, an yanko mini rabin burodi ana soya ƙwai, sai wani ƙanenmu ya ɗaga wayarsa mai tsagaggen gilashi ya ce, "Yaya, ku zo ku ga aiki!" Bidiyo ne daga fagen yaƙin Yukren, jirgi maras matuƙi ya ɗauko shi daga sama. Wani soja ne kwance cikin rami, yana ɗaga hannu kamar mai roƙo, sai ƙura ta turnuƙe wurin. Har kiɗa aka sa wa hoton. Samari suka kaure da ihu kamar an zura ƙwallo a raga. Na ce, "To, sojan wane ɓangare ne?" Ba wanda ya sani. Wannan ya ce na Rasha ne, wancan ya ce na Yukren, kafin ka ce kwabo an fara kiran juna karen Faransa da ɗan koren Putin. Wani dattijo da ke jan carbi a ƙarshen benci ya ajiye kofinsa ya ce, "Ko na wane ne, wata ce ta yi naƙudarsa." Ya ɗauki takalmansa ya tafi, shayinsa ko rabi bai sha ba.

An ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. To wannan da ruwanmu, har tsundum.

Mu fara da abin da ya faru, tunda musu ya sa wasu sun manta mafari. A ranar 24 ga Fabrairu 2022 tankokin Rasha suka tsallaka iyakar maƙwabciyarta Yukren, wasu ta cikin Belarus, suka nufi Kiyef babban birnin ƙasar. Tun 2014 Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya. A watan Satumba 2022 ta ce ta haɗe wasu larduna huɗu da ƙasarta. Alhali a 1994, a birnin Budafes, Rasha da Amurka da Ingila sun sa hannu cewa za su mutunta iyakokin Yukren, ita kuma ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada daga Tarayyar Sobiyet. Da aka kai maganar Majalisar Ɗinkin Duniya a ranar 2 ga Maris 2022, ƙasashe 141 suka ce Rasha ta janye, 5 suka ƙi, 35 suka yi rowar ƙuri'a. Najeriya da Nijar da Gabon duk suna cikin 141 ɗin nan.

Na san abin da ke cin zukatanku, domin nima yana cin tawa. Ba sai wani ya karanta mana tarihin Faransa ba. Mun san yuraniyom ɗin Arlit ta Nijar ya haska biranen wasu, ƙauyukan da ke kusa da ramin suna kwana da fitilar hannu. Mun san sefar da ke aljihunmu a ina aka ƙulla ta. Mun ga Amurka ta afka wa Iraƙi a 2003 da hujjar makaman da ba a taɓa samu ba. Mun ga yadda aka wargaza Libiya a 2011, makamanta suka malalo Sahel, har gobe muna binne mutane saboda su. (Kodayake, in za mu faɗi gaskiya, ƙudurin da ya buɗe ƙofar jefa bama-baman nan, Najeriya da Gabon da Afirka ta Kudu duk sun ɗaga masa hannu a Kwamitin Sulhu.) Ba mu manta da ɗalibanmu baƙar fata da aka riƙa turewa baya a tashoshin jirgin ƙasa da kan iyakar Folan lokacin da kowa ke gudun ceton rai daga Yukren ba. Wanda ya ce Turawan Yamma na da fuska biyu bai yi musu ƙazafi ba.

Amma laifin Faransa a Arlit, tsohuwar da aka rusa wa ɗaki a Mariyufol ta Yukren ce za ta biya? Kowane ɗan kasuwa a cikinmu ya san sunan da ake kiran mutumin da ke da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Idan mamayar Iraƙi zalunci ce, kuma zalunci ce, da wane mudu muka auna ta Yukren ta fito halas?

Ku tuna watan Agusta 2023. Sojoji sun kifar da shugaban Nijar Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar ECOWAS ta ce za ta yi amfani da ƙarfi, aka rufe iyaka a Jibiya da Illela, aka yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar. A nan Glass ba mu yi barci ba. Kowa na buga waya gida. Mai mata 'yar Maraɗi shi kuma Bakatsine, mai kawu a Ƙonni da gwaggo a Sakkwato, duk bakinmu ya zo ɗaya: ko me sojojin nan suka yi, kada maƙwabci ya shiga ƙasar maƙwabci da bindiga. Sanatocin Arewacin Najeriya suka ƙi, malamai suka tashi takanas zuwa Yamai, Allah Ya kiyaye. A lokacin babu wanda ya ce ai Najeriya babba ce, tana da haƙƙin gyara bayan gidanta. Yau kuma da bakinmu muke cewa Rasha babba ce, ba za ta yarda da ƙaramar maƙwabciya mai taurin kai ba.

Wata hujjar da nake ji a majalisa ita ce wai masu jin Rashanci ne a gabashin Yukren, don haka ƙasar Rasha ce. Subhanallahi! Mu Hausawa ne za mu riƙe wannan magana? Mu da layin da Ingila da Faransa suka ja ya raba Katsina da Maraɗi, ya raba Daura da Magarya? Idan harshe ne takardar mallaka, gobe wani shugaba zai tashi ya ce Damagaram tasa ce, wani ya ce Kano tasa ce, kuma gonakinmu ne za su zama fagen. Shugabannin Afirka sun hango wannan tun 1964 a Alƙahira, suka amince kowa ya riƙe iyakar da ya samu ranar 'yancin kai. Ba don layukan sun yi kyau ba. Sun san in aka fara kwance su da bakin bindiga, jikokinmu ma ba za su ga ƙarshen jinin ba.

Kuma akwai wata hanyar, mun gan ta da idonmu. Najeriya da Kamaru sun yi ta harbe-harbe a kan Bakassi, Kotun Duniya ta yanke hukunci a Oktoba 2002, Najeriya ta haɗiye ɗaci ta miƙa yankin a Agusta 2008. Gabon, ƙasar nan da ta ba mu masauki, ta shekara fiye da hamsin tana jayayya da Ikwatoriyal Gini a kan ɗan tsibirin Mbanié. Gaban alƙalai suka je, a watan Mayu 2025 hukunci ya ba Ikwatoriyal Gini, kuma washegari mun buɗe shagunanmu lafiya lau.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, a Janairu 2025 'yan tawayen M23 suka kama Goma, wata guda bai cika ba suka kama Bukavu, Kwamitin Sulhu ya ce Ruwanda ta janye sojojinta daga ƙasar Kwango. Maƙwabta ne su ma, baƙar fata ne, kuma hedkwatar ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka ta CEEAC a Libreville ɗin nan take. Sau nawa aka yi musun Goma a teburin shayi? Ni ban ji ba. Ashe ba tausayi ke sa mu ɗaga murya ba, ƙungiya kawai muka zaɓa kamar masu kallon Real Madrid da Barcelona.

Kallon kuwa ba kyauta ba ne. Ku tambayi masu gidan burodi abin da buhun fulawa ya yi a 2022, ku tambayi iyayenmu a gida yadda takin zamani ya gagari talaka, domin Rasha da Yukren na cikin manyan masu sayar wa duniya alkama, Rasha kuma na gaba-gaba a taki. A Agusta 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, yara suka ɗaga tutar Rasha a Kano da Kaduna. Aka kama teloli, aka kwashi yara zuwa Abuja, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban kotu don galabaita kafin a sake su. Ko Mosko ta san sunan ɗaya daga cikinsu?

Ga kuma babbar musiba, wadda ta sa na ɗauki alƙalami. Yaƙi na cin mutane, kuma masu yinsa sun gano inda ake samun matasa da arha. Tun Maris 2022 Najeriya da Senegal suka gargaɗi Yukren kan neman 'yan sa-kai a ƙasashensu. A Nuwamba 2025 ministan harkokin wajen Yukren ya ce 'yan Afirka sama da 1,400 daga ƙasashe 36 na yaƙi a ɓangaren Rasha. A watan ne Afirka ta Kudu ta sanar cewa 'yan ƙasarta 17 sun maƙale a Donbas suna roƙon a dawo da su, bayan an ja su da alkawarin aiki mai tsoka. 'Yan mata kuma ana kai su Alabuga ta Rasha da sunan koyon sana'a, su tsinci kansu suna haɗa jirage marasa matuƙa. Yaron da katin zamansa ya ƙare a nan, kasuwa ta ƙi, ana damunsa daga gida a aiko da kuɗin magani, shi ne naman dillalin da zai ce masa ga biza, ga tikiti, ga albashi da dala, aikin gadi ne kawai. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Kada kuma mu manta matsayinmu. A 1978, da Kérékou na Benin da Bongo na Gabon suka ɓata, dubban 'yan Benin aka kwashe daga ƙasar nan, talakawa masu sana'a irinmu. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, zangon Hausawa da yawa suka watse cikin makonni. Duk ranar da ƙasashe suka fara nuna wa juna yatsa, baƙo ne ke fara ɗaure kaya. Mu ne ya kamata mu fi kowa tsoron ranar da ƙarfi zai zama shi ne shari'a.

Don haka nake kira. Limamanmu, ku ɗauki maganar haƙƙin maƙwabci ku faɗaɗa ta a huɗuba, har ta kai ga ƙasa da ƙasa. Sarkin Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, ku tara samari ku gaya musu ƙarara cewa duk wanda aka yi wa tayin aiki a Rasha ko Yukren ya kawo takardar a duba kafin ya ba kowa fasfo ɗinsa. Iyaye mata, ku bincika wace makaranta ce ake kiran 'ya'yanku ta waya. Masu zaurukan WhatsApp, ku goge bidiyon gawa, ko ta wane ɓangare ce. Ku yi musu, ban hana ba, ku soki Faransa, ku soki Amurka, ku soki NATO da hujja, amma wanda ya tsallaka iyakar maƙwabcinsa da tanka ku kira shi mai mamaya, ko daga Mosko ya taso, ko daga Washintan, ko daga Kigali.

Kai kuma ƙanena mai tsagaggiyar waya, gobe bayan isha'i ina nan a benci, shayinka a kaina. Ka nemo Baban nan da ya tashi bai ƙarasa nasa ba, ka ba shi haƙuri, ka taho mana da shi.