Zalɓen Littafi da Zalɓen Fadama

Tsakanin 1930 da 1951 wani Bature, David Bannerman, ya wallafa littafi mai juzu'i 8 kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, da zane-zane masu launi. Masu zanen a Ingila suke, galibi busassun fatun tsuntsaye suka duba. Mu kuwa a Diggi, ga zalɓe da balbela da zakaran ƙeƙuwa da ransu a fadamarmu. Amma yaushe rabonmu da ganin gauraka? Sai dai labari a bakin kakanni.

To, ran Asabar mu ajiye danƙo, mu ɗauki fensir. Mu lura da tsawon ƙafa da baki, mu tambayi masunta sunan tsuntsun, mu rubuta shi ƙarƙashin zanen da kwanan wata.