Kafin a Sake Raba wa Matasa 'Ya'yan Tarwada

A yankin Maska, Funtua da Malumfashi, inda masara da waken soya suka wadata, matasa na shiga kiwon tarwada a tankunan roba a bayan gida. Abin da ba kasafai ake faɗa musu ba shi ne, kifayen da suka zuba tare na iya cinye juna kafin ranar sayarwa.

'Ya'yan tarwada ba sa girma daidai, ko da ƙyanƙyasa ɗaya ce. Cikin makonni kaɗan wasu kan yi wa saura fintinkau, kuma da zarar bakin babba ya isa haɗiye ƙarami, shi ke nan. Ba gawa, ba alama. Mai tanki zai ci gaba da watsa abinci mai tsada bisa lissafin adadin da ya sayo, sai ranar kwashewa ya ga 'yan ƙattai kaɗan, ya ce sata aka yi masa ko mai ƙyanƙyasa ne ya cuce shi.

Masu ajiye kifin ado na ruwan gishiri a Turai da Amurka sun san irin wannan da kifin nan mai ruwan lemo da fararen zane, wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya yi wa suna. A teku yana zama rukuni-rukuni bisa tsari: mafi girma ita ce mace, mai bi mata namiji, sauran kuma suna taƙaita girmansu don kada a kore su. In macen ta mutu, namijin ya rikiɗe ya zama mace. Duk da haka, idan aka cusa su a ƙaramin akwatin gilashi, manyan biyun kan addabi ƙananan har su mutu. Tarwada kuwa ko wannan ladabin ba ta da shi.

Maganin ba ya cin kuɗi: a riƙa ware manya daga ƙanana duk mako ɗaya ko biyu tun suna 'yan ƙanana, a tanadi tanki na biyu tun farko, kuma kada a bar su da yunwa.

Saboda haka bai kamata 'yan siyasa su riƙa miƙa wa matashi tanki ɗaya da jarkar 'ya'yan kifi da sunan tallafi, a ɗauki hoto a watse ba. Hukumar KTARDA na da ofishin shiyya a Funtua. Malaman gonarta ya kamata su bi waɗannan tankuna a watan farko, lokacin da ɓarnar ke faruwa.