Ba jikin yaro ne ya saba da magani ba



Kwanakin baya wata baiwar Allah daga wani ƙauye a yankin Safana ta kawo mana ɗanta ɗan shekara biyu, jikinsa zafi rau, ko fitsari zai yi sai ya tsala ihu. Na tambaye ta abin da ya sha. Ta kwance baƙar leda: ragowar Septrin, rabin kwalbar Ampiclox, da kafso ja da yalo guda huɗu da abokiyar zamanta ta sam mata. Ta ce, "Wallahi Sista, jikinsa ne ya saba da magani, komai aka ba shi a banza."

Kusan kullum sai na ji wannan magana, kuma ba haka abin yake ba. Ƙwayoyin cutar bakteriya ne suke sabawa. Duk lokacin da yaro ya sha irin wannan magani, raunanan cikinsu suna mutuwa, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Idan aka sha babu dalili, ko aka sha na kwana biyu aka ajiye, fili kawai aka share musu. Daga nan sai su bi hannu, su bi fo, su bi ruwan sha zuwa jikin ƙanne da yayye. Shi ya sa jaririn da bai taɓa lasar magani ba ma zai iya kamuwa da cutar da ba ta jin magani.

Magungunan nan hawa-hawa ne. Idan amoxicillin ya gaza, a koma allura irin ceftriaxone. Idan ita ma ta gaza, sai meropenem, mai tsadar gaske. Can ƙarshe akwai colistin, tsohon magani da likitoci suka taɓa jinginewa saboda yana taɓa ƙoda, suka dawo masa don babu yadda za su yi. A 2015 masana a ƙasar Sin suka gano bakteriyar da shi ma ba ta jin sa, a jikin aladu da mutane, kuma tana iya miƙa wannan taurin kai ga wasu. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 saboda magani ya kasa cin cutarsu, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna.

Mu a Batsari da Safana, maganin ƙarshen nan tun asali nesa yake da mu. Gwajin da ke nuna wane magani ne zai ci cuta sai an je birnin Katsina, a jira kwana biyu ko uku, ga kuɗin mota, ga na jinya. Saboda haka masu arahar nan su ne garkuwarmu, idan suka lalace talaka ba shi da na gaba.

Ban ga laifin uwar nan ba. A ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu, wa zai hau hanya da dare don yaro ya yi zazzaɓi? Mai kyamis shi ne kusa, shi kuma na kuɗin da ke hannunki zai ƙirga miki. Sai dai akwai abin da ke hannunmu. Mura ba ta buƙatar kafso. Yawancin gudawar yara, har da wadda muke ɗora wa haƙori, ruwan gishiri da sukari take so da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, ba Flagyl ba. Zazzaɓi kuwa a fara da gwajin maleriya kafin a yanke cewa taifot ne. Ɗiga wa jariri lafiyayye Ampiclox don wai a wanke masa ciki ba shi da wani amfani. Ja da yalo ma ba na ƙananan yara ba ne, yana ɓata haƙori, kuma don Allah a daina kwance shi a ruwan kaji.

Kada wata ta fahimce ni a baibai ta hana yaro magani. Idan akwai jini a kashinsa, ko numfashi da sauri har haƙarƙari na lotsawa, ko jijjiga, ko jariri ya yi zafi ya ƙi kama nono, asibiti za a nufa ba jira. Abin da ma'aikacin lafiya ya rubuta a saye shi cikakke, a ba da shi a kan lokaci har kwanakin su cika, ko da yaro ya tashi yana wasa.

Yaron nan sai da aka tura shi Katsina. Gwajin fitsari ya nuna magungunan sha da muka saba da su duk ba sa cin cutarsa, allura ce ta yi, bayan mahaifinsa ya sayar da akuya biyu. Ledar da uwar ta zo da ita ta taimaka wa likita ƙwarai wajen sanin inda zai dosa. Ke ma in za ki kawo yaro, ki haɗo da duk abin da ya sha, har kwalin da ya ƙare.