Kafin A Ce "A Cire Wane": Labarin Mota Mai Lamba 48

 

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin ƙwallon makaranta ranar da aka lallasa ajinsu ya san maganar da ke fara fitowa daga bakin 'yan kallo: "A cire gola!" In ba gola ba, to kyaftin. Haka nan idan malami ya raba aji rukuni-rukuni ya ba da aiki, rukuninku ya zo na ƙarshe, kafin a kaɗa ƙararrawar tashi an riga an sami wanda za a ɗora wa laifi. Wani lokaci masu ƙorafin suna da gaskiya. Wani lokaci kuwa an bar jaki ne ana dukan taiki. To yaya za a bambance? A wannan mako mun leƙa wani wasa da ba a yin sa a nan, wato tseren motoci na Amurka da ake kira NASCAR, inda sauya ma'aikaci ɗaya kan sa a ɗauki kofi ko a rasa shi.

Bari mu fara da bayanin wasan. Wani mutum mai suna Bill France ne ya kafa hukumar NASCAR a 1948, a garin Daytona Beach da ke jihar Florida. Da farko da motocin gida ake tseren, irin waɗanda kowa zai iya saya ya hau. A yau ƙera motocin ake yi musamman don tsere, sai dai a ba su siffar Chevrolet ko Ford ko Toyota. A babbar gasar ana yin tsere 36 a shekara, daga Fabrairu zuwa Nuwamba, yawanci a kan hanya mai zagaye kamar ƙwai. Kowane tsere da makinsa, a ƙarshen shekara a fitar da zakara. A manyan filaye irin na Daytona, mota takan yi gudun kilomita 300 a awa. Ku ɗauko biro ku raba mita 300,000 da sakan 3,600. Za ku ga a sakan ɗaya tak mota ta ci mita 83. Ku riƙe wannan lissafi, za mu buƙace shi.

Mai kallo a talabijin direba kawai yake gani, amma akwai mutane da yawa a bayansa. Na farko shi ne shugaban kanikawa. Shi ke tsara yadda za a ɗaure motar kafin tsere, kuma yayin tseren yana zaune a kan wani dandamali a gefen hanya yana magana da direba ta rediyo. Shi ke cewa a shigo a sha mai yanzu ko a ƙara zagaye, a canza taya biyu ko huɗu. Sai kuma masu canza taya, waɗanda ke tsallako katanga da gudu da zarar mota ta tsaya: mai jak, mai zuba mai, masu kwance noti da mai ɗauko taya. Da yawansu tsofaffin 'yan wasan jami'a ne da aka ɗauko saboda ƙarfi da zafin nama. Idan hannun ɗayansu ya zame aka yi asarar sakan ɗaya, kun riga kun san tazarar da abokan hamayya za su ba su.

Yanzu ga labarin. A 2002 kamfanin tsere na Hendrick Motorsports ya haɗa wani matashin direba, Jimmie Johnson, da wani shugaban kanikawa mai tsananin son aiki, Chad Knaus, a mota mai lamba 48. Sun yi ta cin tsere, amma kofin shekara ya ƙi zuwa. A 2003 sun zo na biyu, a 2004 ma na biyu. A 2005 sun shiga tseren ƙarshe da sauran fata, taya ta fashe, mota ta daki katanga. Dama zaman nasu ya yi tsami, kowa na ganin laifin ɗan'uwansa, har ana ta raɗe-raɗin za a raba su.

Mai kamfanin, Rick Hendrick, ya kira su ofis. Suna zama sai ya ajiye musu madara da biskit a farantin yara mai hoton Mickey Mouse, ya nuna musu cewa tunda halin yara suke yi, to abincin yara za su ci, kuma ba mai tashi sai kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. Hendrick ya lura cewa motar tana da gudu, direban gwani ne, shugaban kanikawan ma haka. Abin da ya lalace shi ne magana tsakanin mutum biyu, shi ya sa ya gyara maganar ya bar kowa a kujerarsa. Daga 2006 zuwa 2010 Johnson da Knaus suka ɗauki kofi sau biyar a jere, abin da babu direban da ya taɓa yi a tarihin gasar.

Kada ku ɗauka darasin shi ne kada a taɓa sauya kowa. Na biyar ɗin nan sai da aka yi sauyi mai zafi kafin a same shi. A watan Nuwamba na 2010, saura tsere uku a gama shekara, ana fafatawa a filin Texas. Johnson da wani direba, Denny Hamlin, suna kankankan a maki. Johnson ya shigo canza taya, ya fita a bayan motocin da ya riga ya wuce. Ya sake shigowa, aka sake yin nawa. Ana cikin haka sai motar Jeff Gordon mai lamba 24, wadda ita ma ta kamfanin Hendrick ce, ta yi hatsari ta fita daga tseren, masu canza tayarta suka zama ba su da aiki. Nan take Knaus ya sa aka kira su, ya zaunar da nasa yaran a gefe, duniya tana kallo.

Abin ya yi wa waɗanda aka zaunar ciwo, don da su aka ci tsere 6 a shekarar. Masu sharhi da dama sun ce an ci musu fuska. Amma ku duba abin da Knaus ya dogara da shi. Agogo ne ya nuna masa inda sakan-sakan ke zubewa, ba jita-jita ba. Waɗanda ya ɗauko kuma ba baƙi ba ne, domin a gareji ɗaya ake haɗa mota ta 24 da ta 48. An bar sabbin yaran har ƙarshen shekara. Hamlin ya bar Texas yana gaba da maki 33, amma a tseren ƙarshe Johnson ya zo na biyu, ya sha gabansa ya ɗauki kofin.

Shekara ɗaya bayan haka aka ga wani sauyin da har yau ake gardama a kansa. A lokacin, Tony Stewart direba ne kuma yana da hannun jari a kamfanin da yake yi wa tuƙi, Stewart-Haas Racing. Shugaban kanikawansa shi ne Darian Grubb, mutumin da ya taɓa riƙe wa Knaus aiki a farkon 2006 lokacin da aka dakatar da shi, har suka ci babban tseren Daytona 500 da Johnson. A 2011 Stewart ya yi tsere 26 na farko bai ci ko ɗaya ba. A tsarin wancan lokaci, tsere 10 na ƙarshe su ke fitar da zakara daga cikin direbobin da ke kan gaba. Ana tsakiyar waɗannan goman aka shaida wa Grubb cewa in shekara ta ƙare ya nemi wani wurin.

Grubb bai yi fushi ya saki aiki ba. Cikin tsere goman nan, motarsu ta ci 5, har da na ƙarshe. Stewart da Carl Edwards suka gama shekara da maki daidai wa daida, aka ba Stewart kofi saboda ya fi yawan cin tsere. Duk da haka aka sallami Grubb kamar yadda aka faɗa. A 2012 ya koma aiki da Denny Hamlin suka ci tsere 5, Stewart da sabon shugaban kanikawansa suka ci 3, kuma Stewart bai sake ɗaukar kofin shekara ba. Ba mu ce sallamar ce kaɗai sanadi ba. Abin da muke nuna muku shi ne an yanke wa mutum hukunci tun aikin da aka ba shi bai kammala ba.

Mu koma kan mota ta 48. Johnson da Knaus sun ƙara kofi a 2013 da 2016, suka cika bakwai, adadin da Richard Petty da Dale Earnhardt ne kawai suka taɓa kaiwa. Daga nan abubuwa suka fara ja da baya. Johnson ya ci tsere a filin Dover a watan Yuni na 2017, daga shi shiru. A 2018 bai ci ko ɗaya ba, karo na farko tun da ya fara gasar gadan-gadan. Sai kamfani ya raba su bayan shekara 17 tare. Aka mayar da Knaus wurin wani matashi, William Byron, aka ba Johnson Kevin Meendering. Ba a gama 2019 ba aka sake cire Meendering aka kawo Cliff Daniels. Shugabannin kanikawa uku ke nan cikin shekara biyu, amma har Johnson ya bar tuƙin cikakkiyar gasa a ƙarshen 2020 bai sake cin tsere ba.

Me ya sa wannan sauyin bai yi aiki ba? Ga wani adadi da zai taimaka. A 2018 kamfanin Chevrolet ya kawo sabon samfurin mota, kuma duk motocinsa da ke gasar, na Hendrick da na sauran kamfanoni, sau 4 kacal suka ci cikin tsere 36. Ashe ciwon ya wuce kujerar mutum ɗaya, ya shafi ita kanta motar.

A 2021 aka haɗa Cliff Daniels ɗin nan, wanda bai taɓa cin tsere da Johnson ba, da wani direba mai suna Kyle Larson. Suka ci tsere 10 suka ɗauki kofi. A tseren ƙarshe a filin Phoenix, Larson ya shigo canza taya yana na huɗu, yaransa suka gama cikin sakan 11.8, ya fita yana na ɗaya, bai sake ba kowa hanya ba. Mai gaggawa zai ce ashe Johnson ne matsalar. Amma a wannan shekarar duka motocin Hendrick huɗu sun ci tsere, jimilla 17, kuma a lokacin an ɗaga Knaus ya zama mai kula da aikin dukkansu. An sauya direba, an gyara mota, an kuma sa gwani a inda ya fi amfani, duk a lokaci guda.

To, mu dawo makaranta. Sau huɗu muka ga an tsaya a kan tambaya ɗaya, a sauya ko a bari, kuma amsar ba ta zo iri ɗaya ba. Inda aka dace, an fara gano ainihin abin da ya lalace kafin a taɓa kowa. Saboda haka ranar da aka ci ajinku uku da nema, kafin ku ce a cire gola, ku ƙirga sau nawa aka buga masa ƙwallo, kuma ta wane gefe 'yan gaban abokan karawa suka riƙa shigowa. In rukuninku ya faɗi a aikin aji, ku tambaya ko an raba aikin tun farko, ko kowa ya san nasa, ko kuwa mutum biyu ne ba sa ga-maciji da juna. In bincike ya nuna lallai wane ne ba ya iya wurin da aka sa shi, a gaya masa cikin mutunci, a nema masa inda zai fi amfani. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Wanda aka cire kuma, ko aka ce za a cire, ya tuna da Darian Grubb, wanda ya san an sallame shi amma ya ci gaba da aikinsa har ya kai motar ga kofi, kuma bai daɗe ba wani kamfanin ya ɗauke shi.

Ga aikin gida. Da kai ne Knaus a filin Texas, ko da ke ce, za a zaunar da yaran nan a tsakiyar tsere, ko za a jira a koma gareji? Ku tattauna a aji, ku rubuto mana amsa da dalilanku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.