Filin Mata: Damben Cikin Akwati

 A makon nan zancenmu a kan wasan nan ne na cikin talabijin wanda yara ke kira gem. Wasiƙu biyu suka jawo shi, ɗaya daga Tambuwal, ɗaya daga Kebbe. Ta Tambuwal ta ce ta aiki ɗanta kai niƙa tun da hantsi, bai komo ba sai bayan azahar, ga dawa ba a niƙa ba, kuɗin niƙa kuwa sun tafi gidan gem. Ta Kebbe ta ce nata ya je hutu Sakkwato wurin kawunsa, ya dawo ba shi da zance sai na waɗansu 'yan dambe masu baƙin sunaye, har cikin barci yana kai naushi. Tambayarsu duka ɗaya ce, watau me ke cikin akwatin nan da ya fi tuwo daɗi?

To, tambaya ce mai kyau, gama uwar da ba ta san abin da ke jan ɗanta ba, ba za ta san inda za ta tare shi ba. Saboda haka bari mu fara duba abin da ke cikin akwatin, sa'an nan mu yi shawara.

Ku tuna da lokacin kaka a ƙasarmu. In an kai amfani rumbu, sai 'yan dambe su fito, su bi gari gari, makaɗa na biye da su. Abin da ke tara mutane a fili shi ne su ga zarton wannan gari ya gamu da zarton wancan. Har yau tsofaffi in sun zauna ba su rasa zancen Shago da Ɗan Dunawa, waɗanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, kuma gardamar ba ta wuce wa ya fi wa. Da zamanin bidiyo ya zo, sai samari suka ɗauki gardamar nan suka ɗora a kan Rambo da Kwamando. Amma ita wannan ba ta da ranar yankewa, domin kowannensu yana cikin fim ɗinsa, ba su taɓa haɗuwa a fili ɗaya sun kara ba. To, masu ƙera gem sun gane ƙaiƙayin nan da ke cikin zuciyar yaro, shi ne suka share fili ɗaya suka kira zarata daga gidaje dabam dabam, suka miƙa wa yaro abin latsawa suka ce ya raba gardamar da hannunsa.

Wanda ya fi suna cikin irin waɗannan wasanni shi ne Super Smash Bros, na kamfanin Nintendo da ke birnin Kiyoto a ƙasar Japan. Kamfanin nan tsoho ne ƙwarai, an kafa shi tun 1889, kuma da karta ya fara sana'a. Wani saurayi mai suna Masahiro Sakurai shi ya tsara wasan. Da fari 'yan damben da ya zana ba su da fuska ba su da suna, sai ya ga ba wanda zai ƙaunaci wanda bai sani ba. Don haka ya ɗebo taurarin kamfanin waɗanda yara suka riga suka saba da su, ya zuba su ciki. Wasan ya fito a 1999 da 'yan dambe 12. Akwai Mario, mai gyaran famfo, mai gashin baki da jar hula. Akwai Donkey Kong, gwaggon biri. Akwai Pikachu, wani ɗan ɓera rawaya mai fitar da wutar lantarki. Akwai Samus, mace ce cikin sulke, wadda ta sha kayar da maza.

Da tafiya ta yi nisa sai aka fara gayyato baƙi daga waɗansu kamfanoni. A 2008 aka shigo da Sonic, wata bushiya shuɗiya mai gudun tsiya, ta kamfanin Sega. Shi kuwa Sega ya daɗe yana kishi da Nintendo a kasuwa, saboda haka ganin Sonic da Mario a fili ɗaya ya zama wa yaran duniya kamar a ce kishiyoyi biyu sun zauna cin tuwo a akushi ɗaya. Daga baya aka fitar da na watan Disamba na 2018, wanda a ke kira Ultimate. Shi ya fara da 'yan dambe sama da 70, aka yi ta ƙara musu baƙi har zuwa watan Oktoba na 2021, suka kai 89. An sayar da shi fiye da guda miliyan 30.

Ban da haɗuwar zarata, akwai abu biyu da ke riƙe yaro. Na fari shi ne sauƙi. Duk ɗan damben da ka ɗauka, maɓallan da a ke latsawa iri ɗaya ne, wanda ya koyi ɗaya ya kama hanyar sauran. Kuma ba kisa a ke nema ba, turewa a ke yi. Kowane bugu yana ƙara wa wanda aka buga lamba, in lambar ta yi yawa sai ya zama kamar kara, bugu ɗaya ya cilla shi bayan fili. Ga kuma makamai da abinci suna faɗowa daga sama ba zato, wanda ya riga ya ɗauka shi ya samu. Ta haka ne ƙane ɗan shekara takwas kan kayar da wansa ɗan sha biyar. Ku duba fa, a tsakar gida ƙane ba shi da wannan dama, kullum shi a ke aika, shi a ke ranƙwashi. Ranar da ya kayar da yayansa a gaban jama'a ba zai manta da ita ba.

Na biyu shi ne taro. Wasan 1999 mutum huɗu ke yinsa a lokaci ɗaya, daga 2014 kuwa har mutum takwas su kan kara a talabijin ɗaya. Ga na gefe suna zuga, ga ihu, ga dariya, wanda aka kayar ya miƙa abin latsawa ga mai jiran layi. Ashe dandali ne ya koma cikin ɗaki. Yaronki ba akwati kaɗai ya ke bi ba, abokansa ya ke bi, yana son a san shi da wata bajinta a cikinsu. Wani abin sha'awa kuma, a farkon wasan 1999 a kan nuna wani hannu yana ɗauko 'yan tsana yana jera su a kan tebur, sa'an nan su tashi su kama faɗa. In an gama turmi, waɗanda aka kayar su kan tsaya su tafa wa wanda ya ci. Mu da muka yi wasan 'yar tsana muna yara, muka haɗa ta wannan gida da ta wancan muka yi musu biki, ai mun san daɗin abin.

Amma fa a nan ne zan ja kunnenku. Shi wannan wasa a akwatin Nintendo kaɗai ya ke tafiya, akwatin nan kuwa bai yawaita a ƙasarmu ba. Wanda ya cika gidajen gem namu shi ne PlayStation na kamfanin Sony, kuma abin da a ke yawan sa wa yara ƙwallon ƙafa ne, sai wani dambe mai suna Mortal Kombat. Shi ma yana da irin ƙugiyar nan ta haɗa zarata. A cikin na 11, wanda ya fito a 2019, an shigo da Terminator da kamannin Arnold Schwarzenegger, watau Kwamando, a 2020 kuma aka shigo da Rambo da muryar Sylvester Stallone kansa. Kun ga gardamar samarin nan ta sami fili ke nan. Sai dai Mortal Kombat ba wasan 'yar tsana ba ne. Jini a ke zubarwa, kuma a ƙarshen karo a kan ba wanda ya ci dama ya yi wa abokin karonsa kisan wulaƙanci, a fille kai, a tsaga jiki, a nuna komai ƙuru-ƙuru.

Su kansu mutanen Amurka da suka ƙera shi a birnin Chikago a 1992 abin ya tayar musu da hankali. A 1993 majalisar dattawansu ta zauna a kan irin waɗannan wasanni, a 1994 kuma aka kafa hukumar da ke sa wa kowane wasa alamar shekaru. In kin ga harafin E a jikin kwali, na kowa ne. E da lamba 10 na ɗan shekara goma ne zuwa sama, shi ne alamar Ultimate. T na ɗan sha uku ne. M kuwa na ɗan sha bakwai ne zuwa sama, shi ne alamar Mortal Kombat. Kwalayen da suka biyo ta Turai lamba su ke ɗauke da ita, 3, 7, 12, 16 ko 18. To, abin da masu shi suka ce kada a ba ɗan ƙasa da sha bakwai, shi ne ɗanki ɗan shekara tara ke kallo da kuɗin niƙa.

Yanzu ga shawara. Wata za ta ce a hana gaba ɗaya a huta. Ni ban ga haka ba, domin wanda aka hana da bulala ba ya dainawa, ɓoyewa ya ke koyo, daga ɓoyo sai ƙarya, daga ƙarya sai ɗan hali. Karen bana shi ke maganin zomon bana.

Da fari ki san sunan abin da ya ke yi. Ki zaunar da shi bayan cin tuwo ki ce ya ba ki labarin gwaninsa, wane ne, daga ina ya fito, da me ya ke faɗa. Za ki sha mamakin yadda bakinsa zai buɗe, kuma daga labarin za ki gane ko na turewa ne ko na yanka. Da yawa masu gidan gem ba su da kwali, a cikin akwatin a ke zuba musu wasannin, saboda haka ba alamar da za a gani. Sai ki roƙi maigida ko wan yaron ya leƙa da kansa, ya tsaya har a gama turmi ɗaya. Gani ya kori ji. In ya tarar da mai jinin ne, ya yi wa mai gidan magana da lalama, ya ce in ƙanana sun zo a sa musu ƙwallo ko tseren mota. Shi ma ɗan unguwa ne, yana jin kunyar iyaye, in iyaye biyu ko uku suka yi masa magana ba zai ƙi ba.

Na biyu, kuɗi. Ki ware masa abin da kika ga za ki iya, ranar da ba makaranta, ki ce wannan na gem ne, in ya ƙare ya ƙare. Kuɗin aike kuwa amana ne, ki riƙa karɓar canji kina ƙirgawa a gabansa. Ki kuma sa kunne ko a kan sa kuɗi a kan wanda zai ci. In an fara haka, an bar wasa an shiga caca, wannan kam babu sassauci a cikinsa.

Na uku, lokaci. Ban da lokacin boko, ban da na allo da Islamiyya, kuma kiran magariba ya same shi a gida. Ku 'yan'uwa na wajen Kebbe da Kuchi kun fi kowa sanin dalili, halin da a ke ciki bai bar yaro ya yi dare a waje ba. Da damina kuma aikin gona shi ne gaba.

Na huɗu, wadda Allah ya hore wa gidansu akwatin, ko ɗan'uwa ya kawo tsaraba daga birni, a ajiye shi a inda kowa ke gani, kada a kai shi ɗakin samari. A kuma ba 'yan mata nasu turmin. Su ba su zuwa gidan gem, amma yatsun da suka iya kitso da saƙa ba za su kasa latsa maɓalli ba. Ki kafa doka irin ta cikin wasan, wanda aka kayar ya tafa wa wanda ya ci. Wanda ya yi zagi ko ya jefar da abin latsawa, ya huta sai gobe.

Daga ƙarshe ki lura da yaron kansa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da gem cikin jerin cututtuka, ta kuma ba da alamu uku: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba da yi ko da ya ga yana cutuwa, har abin ya kai kamar shekara guda. Hukumar ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasan ke kai wa haka. Saboda haka yaron da ke cin abincinsa, yana barcinsa, yana salla, karatunsa bai ja baya ba, kada ki ɗaga hankalinki don ya yi zancen Mario ko ya kai wa iska naushi. Wanda kuwa ya fara ramewa, yana gyangyaɗi a aji, yana fushi in an kira shi, abu na ɓacewa a ɗaki, to kada a jira shekara ta cika. Ki gaya wa mahaifinsa da malaminsa tun da wuri, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Wadda ta gwada shawarar nan ta rubuto mana yadda ta kaya, don sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.