Ba Amurka Ce Ta Rusa Tarayyar Sobiyet Ba

Tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, wata tsohuwar gardama ta dawo majalisunmu da teburan masu shayi: wa ya rusa Tarayyar Sobiyet? Amsar da na fi ji, musamman a bakin samarin da ba a ma haife su ba a lokacin, ita ce Amurka ta ƙulla makirci, ta saye shugaban Sobiyet Mikhail Gorbachev, shi kuma ya sayar da ƙasarsa. Ni ban yarda ba. Babu musu Amurka ta so ganin bayan Sobiyet, ta kuma zuba dukiya a kan haka. Amma ƙasar da ta yi asarar mutum wajen miliyan 27 a Yaƙin Duniya na Biyu ta kuma kai Hitler ƙasa, ƙasar da ta riga kowa tura ɗan Adam sararin samaniya a 1961, ba zagon ƙasan abokin gaba kaɗai zai kayar da ita ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagewar kuwa daga gona ta soma.

Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Rasha na cikin manyan ƙasashen da ke sayar wa Turai hatsi. Daga 1929 Stalin ya ƙwace gonakin manoma ya haɗe su suka zama gandaye a ƙarƙashin hukuma. Manoman da suka ɗan tara abin hannu aka kira su maƙiyan talakawa, aka kwashe su zuwa Saiberiya. Wasu suka gwammace su yanka dabbobinsu da a ƙwace. Yunwar 1932 zuwa 1933 ta ci miliyoyin rayuka a Yukren da Kazakistan. Tun daga nan noman ƙasar bai sake miƙewa sosai ba, don ma'aikacin ofis ne ke faɗa wa manomi abin da zai shuka da ranar da zai girbe, kuma ko ya yi ƙwazo ko ya yi lalaci, abin da zai shiga aljihunsa kusan ɗaya ne. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce 'yan filayen bayan gida da aka bar wa iyalai su noma don kansu. Ba su wuce kashi 3 cikin ɗari na ƙasar noma ba, amma kusan rubu'in abin da noman ƙasar ke samarwa daga cikinsu yake fitowa: dankali, kayan miya, ƙwai, madara. Ƙasar ɗaya ce, ruwan saman ɗaya ne, mutanen ma su ne dai.

A watan Yunin 1962 gwamnatin Khrushchev ta ƙara kuɗin nama da man shanu. Ma'aikata a garin Novocherkassk suka fito zanga-zanga, sojoji suka buɗe wuta, fiye da mutum 20 suka mutu, aka binne su a ɓoye, aka rufe maganar kusan shekara talatin. Abin da shugabannin suka ɗauka daga wannan shi ne kada a sake taɓa farashin abinci. Burodi ya zauna da araha har ya fi abincin dabbobi sauƙi, mutanen ƙauye suka riƙa saye suna ba dabbobinsu. A 1963 aka fara sayo alkama mai yawa daga Kanada. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 babu ƙasar da ta kai Sobiyet sayen hatsi daga waje, fiye da tan miliyan 40 a shekara, wani kason ma daga hannun Amurkar da ake gaba da ita.

Da me ake biya? Da man fetur. A 1965 aka gano babban filin mai na Samotlor a yammacin Saiberiya, sannan a 1973 farashin mai ya ninka kusan sau huɗu. Kuɗin nan ne ya sa Brezhnev ya yi shekara 18 yana mulki bai gyara noman ba. Da shi ake sayo hatsi, da shi ake ba Jamus ta Gabas da Kyuba mai da rahusa, da shi aka shiga Afganistan a 1979, inda sojojin Sobiyet wajen 15,000 suka mutu kafin a janye a 1989.

Wani ɗan'uwana ya yi karatun injiniya a Sobiyet, a ƙarshen shekarun 1970, da tallafin gwamnatinsu. Har gobe ba ya yarda a zagi malamansa a gabansa. Bai biya ko kwabo ba, asibiti kyauta, kuma ya ce bai taɓa haɗuwa da wanda bai iya karatu da rubutu ba. Amma idan hira ta zo kan kasuwa sai ya girgiza kai. Ya ce kowa na yawo da 'yar jakar raga a aljihun kwat ɗinsa, mace da namiji, likita da leburan masana'anta. Da ka hango layi sai ka shiga tukuna, sannan ka tambayi na gabanka abin da aka kawo, ko lemo ne, ko takalmi, ko sabulu. A cikin kantin ma layi uku ne: na farko ka nuna abin da kake so a faɗa maka kuɗinsa, na biyu ka biya a ba ka 'yar takarda, na uku ka dawo ka karɓa, in bai ƙare ba. Matan aure ne suka fi shan wannan wahala, bayan sun wuni a wurin aiki, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa.

Abin da ya fi yunwar illa a ganina shi ne ƙarya. Hukumar tsare-tsare ta Gosplan a Mosko ce ke yanka wa kowace masana'anta da kowane gandu adadin da za su samar. Manajan da ya ce bai cika ba ya rasa kujerarsa, a zamanin Stalin ma har ransa. Don haka kowa ya koyi ƙara alƙaluma, na ƙasa ya ruɗi na sama, na sama ya ruɗi na samansa. A Uzbekistan, zamanin Sharaf Rashidov, shekara da shekaru ana aika wa Mosko lissafin audugar da ba a taɓa nomawa ba, ana karɓar kuɗinta ana rabawa, sai bayan 1983 asiri ya tonu. Da tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe ranar 26 ga Afrilun 1986, sai da aka yi kwana ɗaya da rabi kafin a kwashe mutanen garin Pripyat da ke maƙwabtaka da ita. Duniya daga Suwidin ta fara jin labari, da na'urorinsu suka nuna guba a iska. Ranar 1 ga Mayu aka fito da yara fareti a titunan Kiev kamar ba abin da ya faru, shi kuwa Gorbachev bai yi wa jama'a jawabi ba sai 14 ga wata. Uwar da ta gane an bar ɗanta ya shaƙi guba don kare sunan jam'iyya, da wane baki za a sake ce mata ta yarda da hukuma?

A wannan shekarar ce kuma farashin mai ya faɗi warwas, daga kusan dala 30 kowace ganga zuwa ƙasa da 15, bayan Saudiyya ta ƙara yawan wanda take haƙowa. Mu ma ba mu manta 1986 ba, shekarar da Babangida ya kawo mana shirin tsuke bakin aljihu na SAP. Guguwar da ta buge mu ita ce ta buge su. Mosko ta shiga cin bashi a bankunan Yamma don ta ciyar da mutanenta.

Ƙasashen Gabashin Turai kuwa dama tankokin yaƙi ne ke riƙe da su, kamar yadda aka gani a Hangari a 1956 da Cekoslobakiya a 1968. A Poland ƙarin kuɗin nama a 1980 ne ya haifar da yajin aikin da ya kafa ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity ƙarƙashin Lech Walesa, mai mambobi kusan miliyan 10. A lura, ma'aikata ne suka tayar wa gwamnatin da ke mulki da sunan ma'aikata. Da Gorbachev ya nuna ba zai sake tura tankoki ba, shekara guda ta isa. A Yunin 1989 Solidarity ta cinye kujeru 99 cikin 100 na majalisar dattawa, a Satumba Hangari ta buɗe iyakarta da Ostiriya, ranar 9 ga Nuwamba katangar Balin ta buɗe, ranar Kirsimeti aka harbe Ceausescu na Romaniya, wanda ya hana mutanensa abinci da wuta don ya biya bashi.

Ban wanke Gorbachev ba. A zamaninsa sojoji sun kashe fararen hula a Tbilisi da Baku da Vilnius. Ya kuma soma gyaran ta inda bai kamata ba: ya saki bakin jama'a alhali kantuna wayam, ya sassauta ikon Gosplan bai kafa kasuwar da za ta maye gurbinta ba. Sin ta bi wata hanyar. Daga 1978 Deng Xiaoping ya fara da manomi, aka bar kowane gida ya noma ya sayar da rarar amfaninsa, hatsi ya ƙaru cikin 'yan shekaru, jam'iyyarsu kuma tana nan har yau. Amma kiran Gorbachev maci amana zalunci ne. Ya karɓi ƙasar a 1985 bayan tsofaffin shugabanni uku sun mutu a jere cikin ƙasa da shekara uku, ya tarar da ɓarnar rabin ƙarni. Masu ra'ayin riƙau da suka yi masa juyin mulki a Agustan 1991 ko kwana huɗu ba su yi ba, don sojojin sun ƙi harbin taron da ya kewaye shugaban Rasha Boris Yeltsin. Ranar 25 ga Disamba Gorbachev ya sauka, jamhuriyoyi 15 kowace ta kama gabanta. Talakan Rasha bai ga daɗi ba bayan nan, tsadar 1992 ta cinye ajiyar da tsofaffi suka yi ta tarawa tsawon rayuwarsu.

Dalilin da ya sa abin ke damuna shi ne na ga inda muka yi kama. Shekarun da mai ke rufa wa Brezhnev asiri su ne shekarun da dalar gyaɗa ta ɓace a Kano. Har yau mai ne ke kawo mana mafi yawan kuɗin waje, alkamar burodinmu kusan duk daga ƙetare take zuwa, manoma da yawa a Zamfara da Katsina kuwa sai sun biya 'yan bindiga kafin su shiga gonakinsu. Roƙona ga gwamnoni da 'yan majalisarmu shi ne, idan malamin gona ko ɗan jarida ya kawo labarin ƙauyen da ba a yi shuka ba bana, a saurare shi, a aika a duba, kada a kira shi ɗan adawa a sa a kama shi.